WASAN JIRAGEN YAƘI DA MAI HOTO: ABIN DA YA KAMATA KATSINAWA SU GANI

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tun zamanin da, sarakunan ƙasar Hausa sun fahimci wannan magana sarai, shi ya sa ba su ɓoye ƙarfinsu a bayan soro. Ran Salla sai a fito da dawaki da 'yan lifida da 'yan sulke, hakimai su zo su yi jafi a Kangiwa, talakawa kuwa su jeru da 'ya'yansu suna kallo. A wannan rana talaka kan ƙirga dawakin da aka tanada don tsaronsa, ya gane hakimin da ya kula da barga da wanda ya yi sakaci. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa wasan jiragen yaƙi, wanda Rundunar Mayaƙan Sama kan yi lokacin bukukuwanta, ya cancanci a ɗauke shi da irin wannan daraja, a kawo shi kusa da jama'ar Katsina, a kuma bar magidanci ya zo da iyalinsa ya ɗauki hoto ba tare da fargaba ba.

Ƙofar 'Yandaka wuri ne da ya dace a fara wannan tunani. Ta nan ne Gwamna Lugga ya shigo Katsina da sojojinsa a 1903, zamanin Sarki Abubakar, mutanen gari suka ga irin makaman da suka ci Kano da Sakkwato. Daura da ƙofar kuma akwai filin folo, wasan da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara da shi har ƙasashen waje. Filin dawaki da jirgin sama kuwa sun daɗe da sanin juna a ƙasar Hausa, domin jiragen farko da suka zo Nijeriya, guda 3 na mayaƙan saman Ingila da suka taso daga Masar, a filin dawaki na Kano suka sauka ran 1 ga Nuwamba, 1925. Ashe tun farkon al'amari a gaban jama'a jirgi ya sauka, ba wanda aka ce ya kau da kai.

An kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya a 1964, Jamusawa ne suka fara horar da ita. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta sami jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyet, a farkon shekarun 1980 ta sayo Alpha Jet. A 2021 aka ƙaddamar da JF-17 guda 3 daga Pakistan a Makurɗi, a wannan shekarar kuma Super Tucano guda 12 suka iso daga Amurka, waɗanda suka ci kusan dala miliyan 500. Wannan kuɗi daga baitulmalin ƙasa ya fito, watau daga haƙƙin manomin Batsari da ɗan tiredan Ƙofar 'Yandaka. Amma galibin nune-nunen rundunar a Kaduna ko Abuja ko Makurɗi ake yin su, inda manyan sansanoni suke. Bakatsine kuwa, in ban da rugugin jirgi da yakan ji yana wucewa yamma wajen dajin Rugu, da wuya ya taɓa tsayawa kusa da abin da aka saya da sunansa.

Dalili na farko da ya sa ya kamata a gyara wannan shi ne amana. Shekaru da dama ke nan ɓarayin daji suna addabar Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara, inda a Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Matuƙin jirgi yana iya hango daji daga sama, amma mutumin ƙauye ne ya san hanyar da babura ke bi da dare. Shi kuwa ba ya kai labari ga wanda bai sani ba. In ya taɓa gaisawa da matuƙi, ya ga ɗan Adam ne mai iyali kamarsa, ya ji an amsa masa tambaya da harshensa, to, an rage tazarar da ke tsakanin soja da farar hula.

Dalili na biyu shi ne yara. Yaron da mahaifinsa ya ɗaga shi a kafaɗa ya leƙa mazaunin matuƙi, ko yarinyar da ta ga mace cikin kayan tuƙi, sun koma gida da buri. Tolulope Arotile ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Nijeriya a 2019, kuma babu abin da zai hana wata daga cikin 'yan matan birnin Dikko ta bi sawunta, in an nuna mata hanya tun tana ƙarama. Lissafi da kimiyya da ake koyarwa a allo sukan zauna a zuciya in ɗalibi ya ga amfaninsu yana shawagi a kansa.

Sai maganar hoto, wadda a nan ne gardama take. Akwai dokar sirrin gwamnati ta 1962 wadda ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba, kuma dokar tana da hujja, musamman a lokacin da ake fama da maƙiya a cikin gida. Sai dai tsoron da ta haifar ya wuce iyakarta, har mutum yakan ɓoye wayarsa da zarar ya hango kaki. Ranar nuni daban take. Abin da aka fito da shi fili an riga an tace shi, siffar jirgin kuma tana cikin takardun kamfanin da ya ƙera shi. Abin da ya kamata shi ne hukuma ta shata iyaka a sarari, ta ce nan an yarda, can ba a yarda ba, ta sanar a rediyo tun kafin ranar. Hotunan da Turawa suka ɗauka na hawan daba a Kano, kamar na 1925 da aka yi wa Yariman Ingila, su ne yau manazarta ke dubawa don sanin kayan doki da tufafin wancan zamani. Hoton da magidanci zai ɗauka yau da wayarsa shi ma gobe tarihi ne, kuma wannan karo mai ɗakin ne ya ɗauka da hannunsa.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da maganganu biyu masu nauyi. Ta farko ita ce haɗari. A Ramstein ta ƙasar Jamus, a 1988, jirage sun yi karo suka faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 suka rasu. A nan gida, ran 28 ga Satumba, 2018, jirage 2 sun gogi juna a Abuja suna gwajin bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasa ransa. Sabili da haka ba mai hankalin da zai nemi a yi wulƙawa da juyi a bisa rufin gidajen Ƙofar 'Yandaka. Filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa shi ne mazaunin wasan, a nisanta jama'a daga layin tashi, a toshe wa ƙananan yara kunne saboda ƙara. Filin folo kuwa ya isa a ajiye jirgi mai saukar ungulu, a baje hotuna, a yi wa mutane bayani da Hausa.

Magana ta biyu ta fi ta farko ciwo. A Janairu 2017 jirgin rundunar ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno. A Disamba 2023 kuma jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka aƙalla mutum 85 masu bikin Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna. Wanda ya binne ɗansa a irin wannan rana, yaya za a ce masa ya zo ya yi tafi? Haƙiƙa wasa ba ya biyan diyya, kuma in aka shirya shi don a rufe bakin masu kuka, gara a bar shi. Amma a tuna cewa ko a hawan Salla, bayan jafi Sarki yakan tsaya ya yi wa jama'a jawabi a kan abin da ya dame su. Haka ya kamata babban hafsa ya tsaya a gaban 'yan kallo ya faɗi yadda ake tantance wuri kafin a kai hari, da abin da bincike ya gano a kan kurakuran baya, da inda mai ƙorafi zai kai kukansa.

A taƙaice, nunin da ya ƙunshi kallo da hoto da tambaya da amsa shi ne wanda ya dace da Katsina. Ya rage ga gwamnatin jiha da masarauta da shugabannin rundunar su zauna su tsai da rana, su kuma tabbatar an tanadi motocin da za su ɗauko 'yan makaranta daga Batsari da Safana, domin su ne suka fi kowa jin rugugin jiragen nan, su ne kuma suka fi cancanta su gan su a kusa.