Ganin sawun ɓarawo daban, kama shi daban

Tun watan Afrilun 2025 da CBEX, manhajar zuba jari ta kirifto, ta rufe da dukiyar jama'a, tambaya ɗaya ce a bakin waɗanda abin ya shafa: kuɗinmu za su dawo? Amsata ba mai daɗi ba ce. Mafi yawansu ba za su dawo ba.

CBEX ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, alhali hukumar SEC mai kula da harkokin zuba jari ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Da asiri ya tonu, sai aka ce kowa ya ƙara zuba dala 100 ko 200 a tantance asusunsa, kuma wasu suka zuba. A Ibadan fusatattun mutane suka fasa ofishinta suka yi awon gaba da kujeru.

Gaskiya ne kirifto yana barin sawu. Duk kuɗin kirifto na USDT da ya tashi daga wannan walat zuwa waccan a rubuce yake, kowa na iya gani, kuma kamfanin Tether da ke fitar da shi na iya daskarar da shi in hukuma ta nema. Sai dai ɓarawo ba ya jiran takardar kotu. Kafin ta ƙetare iyaka, ya rarraba kuɗin a walat barkatai, ya canza su zuwa wani nau'in, ya fitar da su ta kasuwar da ba ta tambayar katin shaida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne damfara ta biyu. Mutumin da ya sayar da fili, ko matar da ta zuba kuɗin adashi, sai saƙo ya shigo mata a Telegram: wai ƙwararru ne, sun gano inda kuɗinta suke, ta biya kuɗin aiki kawai. Wallahi duk wanda ya nemi ku biya kafin ya dawo muku da kuɗi, ragowar ya zo kwashewa. Kai ƙara wurin EFCC kyauta ne. Ku tafi da adireshin walat, lambar kowace tura kuɗi da hotunan hirarrakinku, kuma kada kunya ta sa ku jinkiri.

Shugaban EFCC, Ola Olukoyede, ya ce an ƙwato wani ɓangare na kuɗin. Madalla. To nawa ne, a hannun wa suke, kuma yaushe za a fara biyan masu su? Shirun da ake yi a kan wannan shi ne ke tura mutane hannun 'yan Telegram. Hukumar ta fito da alƙaluman a fili.