Mai moto da iskar bazara

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Tanut a watan Afrilu ba zai rasa cin karo da wani saurayi bisa moto ba, ya ɗaura kaya har sun fi shi tsawo, ya tuɓe riga ya bar singileti, kai babu hula, yana sheƙa gudu da tsakar rana. A ganinsa gudu shi ne maganin zafi, tunda mai moto ba ya rasa iska. Haka malamin lakwal mai komawa ƙauye bayan ya karɓi albashi yake lissafi, haka ma ɗan kasuwa mai cin kasuwannin karkara. To, wannan lissafi daidai ne da kaka ko da hunturu, amma da bazara shi ke kai mutum gidan likita, wani lokaci ma kushewa.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne, na fatarsa kuma ba ya wuce kimanin 35. Muddin iska ba ta kai zafin fata ba, tana ɗauke zafi daga jiki. Amma idan ta kai digiri 43 ko 45, sai al'amari ya juya: ita ce ke zuba wa jiki zafi, kuma gwargwadon gudun moto, gwargwadon abin da take zubawa. Iskar da aka ɗauka mafici ce ta zama zugazugin maƙeri. Abin da ya rage wa jiki ya kare kansa da shi gumi ne, kuma cikin irin wannan hali mutum yana iya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya. Busasshiyar iska tana shanye gumin nan take, sai mai moto ya ga jikinsa a bushe, ya zaci bai yi hasarar komi ba, alhali ruwan jikinsa yana ƙarewa.

A Yamai da Tawa da Maraɗi, zafi ya zarce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu ba labari ba ne. A watan Yuni na 2010 an auna sama da digiri 48 a Bilma. Ranar 3 ga Afrilu 2024 kuma, cikin watan azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48 da rabi. Waɗannan alƙaluma a inuwa ake auna su. Bisa kwalta abin ya fi haka.

Buzayen Azawak da Abzin sun riga kowa gane wannan. Ba a taɓa ganin madugun ayarin Bilma ya tuɓe don zafi ba. Sai dai ya naɗa rawani ya bar ido kaɗai, ya sa tufa mai yalwa. Suturar tana tsare fata daga rana da iska, gumi kuma ya bushe sannu a hankali. Mai moto ma haka ya kamace shi: riga mai dogon hannu, ta auduga, mai haske, da wando har idon sawu, da takalmi rufaffe, da tabarau. Hular kwano ba ta faɗuwa kaɗai ba ce, inuwa ce da mutum ke tafe da ita, fara kuma ta fi baƙa. Idan ya jiƙa rigar ciki ya ɗora wata bisa, to ya mai da jikinsa randa, domin da bushewar ruwa ne randa da salka ke sanyaya abin da ke cikinsu. Sai dai a kiyaye bakin rawani da na babbar riga, kada su shiga sarƙa ko ƙafar baya.

Sai batun ruwa. Ƙishirwa ba ta sallama sai ɓarna ta riga ta soma, sabili da haka ba a jiran ta. Mai hankali yana tsayawa duk rabin awa ya kurɓa, yana ɗauke da bidon ruwa naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya kuma ɗauki fiye da abin da tafiyar ke bukata. Gumi yana fita da gishiri. Fura ko abinci kaɗan suna maido shi, haka ma haɗin da likitoci suka sani: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce jiki yana bin bashin ruwa. Ƙwayoyin da wasu ƴan kabu-kabu ke haɗiya don kashe gajiya kuwa, kukan jiki kawai suke toshewa, ba sa sanyaya shi. Mai azumi ya tuna cewa shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi ya sha ya rama, ko kuwa ya ɗage tafiyar.

Amma babban magani shi ne zaɓen lokaci. A tashi bayan asuba, a nemi inuwa kafin rana ta take, a jira la'asar. Tsakanin Damagaram da Agadas akwai kimanin kilomita 450, kuma da an wuce Tanut garuruwa da rijiyoyi sun yi nisa da juna. Kafin a kama irin wannan hanya a duba man inji da iskar taya tun suna da sanyi, a gaya wa na gida lokacin da ake sa ran isa. Injin yawancin motocin nan iska ce ke sanyaya shi, shi ma yana son hutu, kuma ba a watsa masa ruwa yana da zafi. Idan ya lalace, a zauna bakin hanya a yi rumfa da mayafi, kada a ratsa daji a ƙafa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, arewa da Arlit, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗawar jijiya gargaɗi ne a tsaya nan take. Wanda ya soma sambatu ko ya kasa gane inda yake, ransa yana cikin haɗari: a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, a garzaya da shi gidan likita. Ba a ɗura wa sumamme ruwa, kuma maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafi.

Nauyin bai tsaya ga mahayi kaɗai ba. Maigidan da ke aiken yaron shago da ƙarfe ɗaya na rana, da shugaban ma'aikatar da ke tura ƙaramin ma'aikaci ƙauye ya ce ya komo kafin a tashi, suna da hannu cikin abin da zai same su bisa hanya. Cinikin da aka rasa yau ana iya samunsa kasuwa mai zuwa, takarda kuma ba ta ruɓewa don ta kwana.