An Rubuta Ɗan Manomi, Ina Labarin Ɗan Ruga?

'Yan'uwa makiyaya, duk wanda yake bin hanyar Kumashi zuwa Ejura da Atebubu, ko ya shiga Afram Plains sayen shanu, ya ga allunan ƙungiyoyin agaji a bakin ƙauyuka. Da yawa daga cikin rijiyoyin burtsatse da ajujuwan da ke bayan waɗannan alluna, da kuɗin ɗaukar nauyin yara aka yi su. Mutanenmu a Zongo sun ji labarin abin, amma ba su san yadda yake tafiya ba.

Ga yadda abin yake. Ƙungiya takan shiga ƙauye ta rubuta sunayen yara, ta ɗauki hotunansu. Wani mutum a Ingila ko Jamus ko Amurka sai ya karɓi hoton yaro guda, yana biyan wani ɗan abu kowane wata, yaron kuma yana aika masa da wasiƙa. Mutane suna zaton kuɗin a hannun uban yaro ake damƙawa. A'a, a manyan ƙungiyoyi ba haka ake yi ba. Tarawa ake yi wuri guda a yi wa garin aiki, wato rijiya, makaranta, ɗakin shan magani, da koya wa manoma dabarun noma da adashe. Sukan zauna a yanki guda shekara 10 zuwa 15 kafin su tashi.

Wannan tsari ba na jiya ba ne. Plan International ta soma shi a 1937 saboda yaran da yaƙin ƙasar Sifen ya tagayyara, ta iso Gana a 1992. World Vision tana nan tun 1979, ita kuwa ActionAid ta fara aiki a yankin Bawku a 1990.

Mu dai ra'ayinmu, tsarin tara kuɗin nan shi ne daidai. In da yaro guda za a riƙa ba takalmi da littafi, maƙwabcinsa yana kallo, da gaba aka shuka a gari. Rijiya kuwa ta kowa ce. Dattawanmu suna tuna yadda kurkunu yake kwantar da magidanci, doya tana jiran shuri, masara tana jiran noma, shi kuwa ƙafa a kumbure. A 1989 an ƙidaya masu kurkunu kusan 180,000 a Gana. Daga farkon shekarun 1990 World Vision ta yi ta haƙa rijiyoyi a Afram Plains, gwamnati da Cibiyar Carter suna raba matatar ruwa suna bin ƙauye-ƙauye. A 2010 aka ga mutum na ƙarshe mai ciwon, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Manomin da ya samu lafiyar ƙafarsa ya noma abin da zai ci ya sayar, yarinyar da ta huta da tafiyar rafi ta samu zuwa aji. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, to bai taɓa shan ruwan tabki tare da shanu ba.

Sai dai akwai abin da yake ci mana tuwo a ƙwarya. Tsarin nan gaba ɗaya a kan mazauni aka gina shi. Dole a samu yaro inda aka bar shi bara, a sake ɗaukar hotonsa, ya amsa wasiƙa. Ɗan ruga kuwa, in rani ya yi ya bi garke. Ga rashin takardar haihuwa, ga kuma kallon baƙo da ake yi wa Bafulatani ko da a nan aka haifi kakansa. Saboda haka sai ka tarar ruga tana tafiyar rabin awa daga makarantar da aka gina, amma ko yaro ɗaya na cikinta ba ya aji. Wani laifin ma namu ne, don akwai iyayen da suke gudun mai ɗaukar hoto, wai za a canja wa yaro addini. Gaskiya ne wasu ƙungiyoyin na Kirista ne, ba su kuma ɓoye ba. Maganin tsoro shi ne Sarkin Fulani da liman su zauna da su a yi magana a fili, a san abin da za a koya wa yaro da abin da ba a yarda ba.

Kada wani ya ce karatun ɗan kiwo ba ya yiwuwa. A shekarun 1990 ActionAid ta buɗe makarantun yara makiyaya a yankin Bawku, inda aka daidaita lokacin karatu da lokacin kiwo. A 1995 shirin School for Life ya fara a arewa, karatun wata 9 da harshen gida, da yamma bayan aiki, daga nan yaro ya shiga firamare. Najeriya ma ta kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989.

Abin da muke nema wurin ƙungiyoyi da majalisun gundumomi ba shi da yawa. In an zo rubuta yaran ƙauye, a haɗa da na rugagen da ke ƙasar wannan ƙauye, a sa matar ruga a kwamitin rijiya don ita ma tana zuba kuɗin gyara. In da hali a yi mashaya ta dabbobi nesa da gonaki. Rigimar da ta ci rayuka a Agogo, yawancinta a kan gona da ruwa take tashi, kuma yaran da suka zauna benci guda da wuya su ɗaukar wa juna adda.

Mu ma kada mu naɗe hannu muna jiran Bature. Muna da habbanaye, inda mai shanu yake ba ɗan'uwansa aron saniya har ta haifa masa. Mai shanu 30 kuma zakkar maraƙi tana kansa, malamanmu na Aboabo da Asawase za su faɗa mana yadda za ta kai ga yaran talakawa. Dillalai da mahauta na Kaase, kowa ya ɗauki yaro guda daga rugar da yake sayen shanu, ya saukar da shi a gidansa lokacin karatu, ya saya masa riga da littafi. Muna roƙon shugabannin rassa su kawo mana sunayen yaran rugagensu da shekarunsu, da sunan makarantar da ta fi kusa da kowace ruga, kafin taro mai zuwa.