Dangin Dankali Da Ke Cikin Daji

Kowa ya san dankali, amma ba kowa ya san yana da 'yan'uwa a daji ba. Su ma yaɗo suke yi, furensu kamar bakin kakaki, kuma a ƙasashe masu zafi akwai waɗansunsu da ake tonon saiwarsu a ci idan hatsi ya ƙare. Amma fa cikin dangin nan ne aka sami duman rafi, wanda ke sa dabba karkarwa in ta ci shi da yawa. Saboda haka kamar fure ba ta isa shaida ba, sai wanda ya sani ya nuna.

Wannan sani shi ne ya tsirar da mutanen dā. A shekarun yunwa, irin su Kakalaba ta 1914 da farin 1973, abincin daji ne ya riƙe talakawa da yawa, kamar su bado da muruci da gwandayi, wanda sai an yi ta dafawa ana zubar da ruwan kafin ƙaiƙayinsa ya fita. Ko a 2005 ma, anza mutanen yankin Maraɗi suka riƙa jiƙawa kwana da kwanaki don cire ɗacinta.

To, irin wannan sani ne ke neman ɓacewa a Abuja. Tun da aka kafa birnin da doka a 1976, gwamnati kuma ta tare a 1991, gini sai cinye dazuzzuka da fadamun Gbagyi yake yi, daga Kubwa har Lugbe. Daji na tafiya, tsofaffin da suka san saiwar ci da ta guba su ma suna tafiya.

A watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci. Ya kamata cikin shirye-shiryenta a tuna da wannan fanni. Cibiyar binciken doya da rogo ta Umudike tana da reshe a Nyanya, ga kuma Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Malamansu su shiga ƙauyukan Kwali da Abaji, su zauna da dattawa, su rubuta sunan kowace saiwa, da inda take fitowa, da yadda ake kashe dafinta, sa'an nan a buga da Hausa da Gbagyi. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya kiyashe mu da yunwa, amin.