Ƙaiƙayin jarirai a hunturu: a guji man 'yan talla

Da hunturu ya kankama a Mai Yara da sauran ƙauyukan Dakoro, jarirai da dama kan kwana suna susa, kumatunsu sun bushe sun yi kaushi. Sau da yawa wannan ita ce cutar fata da likitoci ke kira ekzima. A baƙar fata ba ta cika yin ja ba, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka. Yaron da ya ɗan tasa kuma, ta fi kama shi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Ba ta yaɗuwa. Idan duk gida ana susa da dare, a zargi ƙazuwa.

Abin takaici shi ne man da iyaye ke saye wajen 'yan talla, ko wanda 'yan uwa ke aikowa daga Kano ko Libiya da kyakkyawar niyya. Wasunsu na ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin na man bilicin: ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, fatar jariri kuma ta sirance.

Wanka gajere da ruwan ɗumi, ba sabulu mai ƙamshi, sannan a shafa man kaɗanya ko Vaseline tun jiki da danshi, a yanke farce. In wurin ya fara ruwa ko ƙyanbo, a kai shi asibiti. Tun 2006 Nijar ta yafe wa 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, kuma wajibi ne hukumomin lafiya na Dakoro su tabbatar maganin yana nan.