Tsofaffin Ma'aikatan Reluwe Su Komo Su Koyar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Zariya ko ta Kafanchan, a zamanin da jirage ke kai da kawowa dare da rana, ba zai manta da wani mutum guda ba. Da jirgi ya tsaya sai a gan shi ya bi gefen taragu da 'yar guduma mai doguwar ƙota, yana ƙwanƙwasa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kunne. Ƙafar da ke lafiya amonta garau ne kamar na ƙararrawa. Wadda ta tsage kuwa, ko da tsagar ba ta isa ido ya gan ta ba, sai ta yi amo dushe-dushe kamar fasasshen tulu. Sa'an nan ya ɗora bayan hannunsa bisa akwatin da ke riƙe da kan sandar ƙafafun. In ya ji zafi ya wuce kima, ya san mai ya ƙare a ciki, lalle ne a cire taragon nan tun bai kama wuta a daji ba. Wannan amo ba a rubuta shi a wani littafi ba, ba ya kuwa rubutuwa. Mutumin ya same shi ne ta wajen bin wani dattijo shekara da shekaru, shi ma dattijon wani ya bi.

To, masu irin wannan kunne da irin wannan hannu, galibinsu yanzu suna zaune a gindin bishiya a unguwanninsu, ba mai tambayarsu kome. Ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya ita ce ma'aikaci ya aje aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 da kama aiki, wanda duk ya riga zuwa. Watau yaron da ya shiga koyon aikin fita yana da shekara 18, sai a sallame shi yana da 53, daidai lokacin da hannunsa ya faɗa, ƙarfinsa kuma bai tafi ba. Hukuma ba ta jahilci irin wannan hasara ba, domin ta gyara ƙa'idar ga waɗansu. A 2012 an kai wa furofesoshin jami'a shekarunsu 70. A 2022 an kai wa malaman makaranta 65, ko shekara 40 ta aiki. A 2023 kuma an kai wa alƙalan manyan kotuna 70. Hujja a ko wane wuri ɗaya ce, cewa sanin da aka daɗe ana tarawa ba a zubar da shi. Hujjar gaskiya ce, sai dai ba a tuna da mai sufana da guduma ba, sai ka ce saninsa ba sani ba ne.

Haƙiƙa sha'anin reluwe ya fi sauran tsanani, sabili da igiyar gādo ta tsinke a tsakiya. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. A cikin shekarar nan ta 1964 jiragen Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, ban da gyaɗa da auduga da fatu da dabbobi da a ke saukarwa kudu. A lokacin kowace 'yar tasha makaranta ce, kowace ƙungiyar leburorin dogo tana da helma wanda ya san yankinsa kamar tafin hannunsa. Daga baya mota ta ƙwace kaya, kuɗin gyara ya yi ƙaranci, har aka ɗauko Indiyawa suka riƙe Hukumar Reluwe daga 1979 zuwa 1982, duk da haka abin bai miƙe ba. Aka yi ta rage ma'aikata, aka daina ɗaukar almajiran sana'a yadda a ke yi dā. Jirgin fasinja na Ikko zuwa Kano ya tsaya shekaru, sai a ƙarshen 2012 aka sāke tashinsa. Saboda haka da aka buɗe sabon dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan a 2021, sai aka tarad da samari masu takardu a gefe guda, da tsofaffi masu sani a gefe guda, tsakaninsu kuwa wawakeken giɓi na tsara guda wadda ba a horar ba.

Wani zai ce ai jiragen yanzu ba irin na dā ba ne. Tsohon dogo fāɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435. Kan jirgi na yanzu cike ya ke da na'ura mai faɗin ciwonsa da kanta. Akwai kuma na'urar da ke hango tsaga a cikin ƙarfe ba tare da guduma ba. Wannan duka haka ne, kuma tsohon da ya ƙi yarda da shi ya so kansa. Amma ƙarfe bai sāke hali ba, ruwa ma bai sāke ba. Ƙarfen dogo mai tsawon kilomita guda, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana neman ya miƙe da kimanin santimita 35. In an ɗaure shi bai sami wurin miƙewa ba, kuma tsakuwar da ke riƙe da shi ta yi ƙaranci, sai ya kantare ya yi gefe. Injiniya ya san lissafin nan sarai. Abin da bai sani ba shi ne a wace kwana ce ya kan faru a bazara, da kuma ƙarfe nawa na rana ya kamata a aika mutum ya taka wurin da ƙafa. Haka kuma da damina. Akwai kwalbatin da ke shekara goma a bushe, ran da aka yi ruwa a kan tudun da ke gabas da shi sai ya cika ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, ya bar ƙarfe yana lilo a sarari. Taswira ba ta faɗin wannan. Helman da ya kwana a wurin da fitila a hannu, ya tsai da jirgi da jan ƙyalle, shi ke faɗinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Akwai kuma wata magana wadda ta fi wannan nauyi, ba ta kuwa kamata a raina ta ba. Samari sun gama makaranta sun rasa aiki, ga shi ana cewa a komo da waɗanda suka ci nasu rabo. Kowa kuma ya san halin waɗansu manya na maƙalewa a kujera, har a rage shekaru a takarda don kada a tashi. In komowar da a ke nufi ke nan, to, samari suna da gaskiya, a bar tsofaffi su huta. Amma komowa iri biyu ce. Akwai mai komowa ya karɓi ofis da mota da sa hannu, ya tare wa na baya hanya. Akwai kuma mai komowa ba muƙami, ba iko bisa kuɗi ko ɗaukar ma'aikata, a ba shi samari biyar ko shida na wata shida ko shekara guda, ya bi su wurin aiki, su kwance injin yana kallo, su ɗaure yana kallo, ya bar su su yi kuskuren da ba ya kisa, ya tare su kafin wanda ke kisa. Wannan bai ci gurbin kowa ba, hasali ma shi ke sa gurbin ya yi amfani. Ma'aunin aikinsa kuwa ɗaya ne tak: ran da wa'adinsa ya cika, yaran su iya ba shi.

Su ma dattawan ba za a wanke su sarai ba. Rowar sani tsohuwar cuta ce a cikin masu sana'a, tun daga maƙera har marina. Akwai makanikin da in ya zo daidai wurin da asirin aikin ya ke, sai ya aiki yaro sayen goro, don kada a iya a daina nemansa. A zamanin da ya ke tsoron a ƙwace masa abinci, ana iya yi masa uzuri. Wanda ya riga ya karɓi fansho ba shi da sauran abin tsoro. Akwai kuma wanda ba ya iya gyara kuskure sai da zagi da gori, alhali yaron yau ba ya zama a zage shi, tashi ya ke yi. Saboda haka ba ko wane tsoho ne malami ba, sai an zaɓa. Wanda aka zaɓa kuma ya yarda cewa yaron da ke gabansa ya fi shi sanin kwamfuta, ya zauna a koya masa, ba da jin kunya ba.

Wurin yi ba a rasa shi ba. Akwai makarantar koyon fasahar sufuri a Zariya tun 1986, ga kuma jami'ar sufuri da aka kafa a Daura. Sai dai kada a sa tsohon fita a gaban allo a ba shi alli, gama ba nan ƙarfinsa ya ke ba. A kai ɗaliban wurinsa, a ƙarƙashin tarago, su shafa baƙin mai. A kuma biya shi hakkinsa a kan kari, kada a haɗa ladan koyarwa da fanshonsa a ce ɗaya ya share ɗaya. Mutumin da ya sha layin tantancewa kafin ya ga kuɗin da ya yi wa wahala, ba za a kira shi da baki kawai ya zo ba. Jamusawa sun kafa ƙungiya tun 1983 mai aika ƙwararrun da suka yi ritaya su koyar a masana'antu, a gida da ƙasashen waje, har da na Afirka. Ana marhabin da nasu tsofaffi in sun zo, na gida kuwa an bar su a kan tabarma.

Abin da ke rubutuwa daga cikin saninsu kuma a rubuta shi, da harshen da suka yi aikin da shi. Da yawa daga cikin helmomi da leburorin dogo ba su yi nisa a boko ba, amma suna karanta ajami suna rubuta shi. A zaunad da su, a bi dogo tasha tasha, su faɗi gadar da ke girgiza, da fadamar da ke cin tsakuwa, da mahaɗar da shanu ke ƙetarawa da asuba. Abin da ba ya rubutuwa kuwa, irin amon ƙafar nan, ko wace wayar hannu tana iya ɗaukarsa.

A 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da kuma sabon dogon Kaduna zuwa Kano. Kamfanonin da ke ginawa baƙi ne, in wa'adinsu ya cika za su naɗe kayansu su tafi, gyaran yau da kullum ya rage a hannun 'yan ƙasa. Wanda ya kama aikin reluwe a 1980, lokacin da a ke horon almajirai sosai, ya aje shi a 2015, in ma ba a sallame shi tun kafin nan ba. Sunansa da garinsu suna nan a cikin rajistar masu karɓar fansho, wadda ke hannun hukuma.