Idan na'urorin jirgin ruwa ba sa jin yaren juna

Yau daga Kalgo za mu gangara bakin kogi.

Mu 'yan Jihar Kebbi ruwa ba baƙonmu ba ne. Kogin Neja ya ratsa ƙasar Yawuri, ga kuma tafkin Kainji da aka tare a shekarar 1968. Amma ruwan nan yana cin mu. Ba mu manta da ranar 26 ga Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ke kan hanyarsa ta zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya nutse da ɗimbin fasinjoji, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. Wannan ya sa muke tambaya: me ilimin da muke karantawa a aji zai iya yi wa matuƙin jirgi?

Matuƙi na buƙatar sanin inda yake da zurfin ruwan da ke ƙarƙashinsa. Iyayenmu masunta da gora suke gwada zurfi, da ido da gogewa suke gane hanya. A jiragen zamani kuwa, na'urar GPS ce ke faɗin wuri ta hanyar taurarin ɗan'adam, wata na'urar kuma tana tura sauti cikin ruwa ta jira amsa-kuwwa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa. Idan ya dawo bayan daƙiƙa 0.02, ya yi tafiyar mita 30 zuwa da dawowa, zurfin ke nan mita 15. Kun ga Fiziks ɗin aji ya yi rana.

To amma kamfanoni daban-daban ne ke ƙera na'urorin, alhali dole su yi magana da juna kafin bayaninsu ya fito a allo ɗaya. Shi ya sa a 1983 wata ƙungiya a Amurka ta fitar da ƙa'idar NMEA 0183. A wannan tsari na'ura ɗaya ce ke magana, saura su saurara. Galibi jimla tana farawa da alamar dala, ana raba bayanai da waƙafi, kuma ba ta wuce haruffa 82. Daga baya aka samu NMEA 2000, wadda ta aro fasahar da na'urorin mota ke amfani da ita. A nan waya ɗaya ce kamar babban titi, kowace na'ura ta jona a jikinta, kuma saurinta ya ninka na tsohuwar sau hamsin da ɗoriya. Tsohuwa da sabuwa ba sa jin juna, sai an sa musu wani ɗan akwati a tsakani da ke aikin tafinta.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce na'ura tana kusa da Kalgo, ta rubuta 1219.5000,N. Mai gaggawa zai karanta digiri 12.195. Kuskure ne. Ma'anarsa digiri 12 da minti 19.5 arewa, kuma minti 60 ne ke cikin digiri ɗaya. Raba 19.5 da 60, ka samu 0.325, amsar ta zama 12.325. Bambancin digiri 0.13 ne kacal, amma tunda digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kusan kilomita 111, an kauce da fiye da kilomita 14. A tudu sai ka tambayi hanya. A tsakiyar tafki da dare, wa za ka tambaya?

Irin wannan rashin fahimta ya taɓa faruwa da gaske. A watan Yunin 1995 wani katafaren jirgin yawon shaƙatawa mai suna Royal Majesty, ɗauke da mutum fiye da 1,500, ya kafe a kan rairayi kusa da tsibirin Nantucket na Amurka. Wayar eriyar GPS ce ta cire. Na'urar ta koma yin ƙiyasi, ta kuma sa alamar cewa ƙiyasi take yi, amma na'urar da ke tuƙa jirgin ba a tsara ta ta gane wannan alama ba. Ma'aikata sun yarda da allo, har jirgin ya bar hanyarsa da mil 17. An yi sa'a ba a rasa rai ba.

Kada mu yaudari kanmu. Babu na'urar da za ta ceci jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, ko ta maye gurbin rigar kariya. Wannan aikin direbobin jirage ne da fasinjoji da hukumar NIWA. Amma a ce akwai taswirar da ta nuna kowane kututture da kowane dutse a hanyar Yawuri zuwa Wara, wadda aka haɗa da GPS da na'urar auna zurfi, ai da matuƙi ya samu ido na uku. Wanda zai yi wannan aiki sai ya san lissafi, ya kuma san kogin. Ɗan Yawuri ko ɗan Argungu da ya riƙe Lissafi da Jogurafi da darasin kwamfuta ya fi kowa dacewa da shi.

Ga aikin gida. Na'ura ta rubuta 00412.0000,E. A wannan ɓangaren lambobi uku na farko su ne digiri. Ku juya shi zuwa digiri zalla, ku nuna wa malaminku na Lissafi, sannan ku duba ko ya yi daidai da taswirar wayar gidanku. Amsa tana nan tafe a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.